Yankan Ƙarshen Yuni

A garin Verbova, a kudancin Kanada, babu wanda ya taɓa miƙewa a coci ko a kanti ya ce, "Jama'a, mu yanke ciyawa kafin masu ƙirga su iso." Ba a faɗa. Amma duk shekara, a makon ƙarshe na Yuni, sai ka ji taraktoci sun tashi ta kowace kusurwa kamar an kira gayya, ana aske fadamu tas, alhali kowa ya san ciyawar ba ta gama kaiwa ba. In baƙo ya tambaya, sai a ce masa ruwan Yuli ake gudu. Nestor Dubyk ya fi kowa iya faɗin wannan magana da fuskar mutumin kirki.

Gaskiyar maganar kuwa wani fure ne. Fari ne, karansa ya kai gwiwa, bakinsa a tsattsage kamar gezar mayafi, shi ya sa mutanen garin suke ce masa mai-geza. Tun ranar da hukuma ta sa shi cikin tsirran da suka kusa ƙarewa, ya zama abokin gabar duk mai fadama a Verbova. An ce in aka same shi a filinka, to kai da filin sai kallo: ba yanka, ba kiwo, ko rami ba ka haƙa ba. Wa ya faɗa? Babu mai tunawa. Wa aka taɓa yi wa haka? Wani mutum, a wani gari. Amma maganar ta zauna daram shekara talatin. Furen yana buɗewa a farkon Yuli, masu ƙirga furen suna zuwa a farkon Yuli, saboda haka mai hankali yakan yi yankansa a ƙarshen Yuni.

Nestor, mai shekara saba'in da ɗaya, yana lissafa kansa a sahun gaba na masu hankali. Fadamarsa kakansa ne ya same ta da ya zo daga Yukren, kuma garma ba ta taɓa shiga cikinta ba. Ta faro daga bayan kicin ɗin matarsa Stefka, ta ratsa gefen kurmin da ke kare gidan daga iska, ta miƙe kudu har shingen waya. Daga shingen, taku goma sai turken iyaka, bayansa kuma jihar Minnesota ta Amurka. A fadamar nan shanunsa suke haihuwa, a nan yake samun ingiricin da ke kai su ƙarshen sanyi. In ka ce yana son ta fiye da mutane da yawa, ba ka yi masa ƙarya ba.

Shekara uku da suka wuce kamfanin lantarki ya ce zai ja manyan wayoyi daga madatsun ruwa na arewa, a tsallaka da wuta Amurka. Hanya biyu aka zana a taswira. Ɗaya ta bi ta fadamar Nestor, ɗaya ta karkata gabas ta bi ta fadamar Myron Hupalo, abokinsa tun suna 'yan aji ɗaya. Kafin a kafa ko turke guda sai an yi binciken muhalli a ƙasashen biyu, kowace ta duba nata ɓangaren. Duk Yuli masu binciken sukan zo da dogayen takalma da 'yan tutoci ruwan lemo. Nestor da kansa yake buɗe musu ƙofar shinge, ya ba su kofi, ya ce su duba son ransu. Sai su bi fadamar da aka aske kamar kan ango, su rubuta abin da suka gani, su tafi. Shi kuwa ya koma gida yana murmushi, ya sake cin gwamnati wasa.

Wasiƙar ta iso ranar uku ga Yuli, mako guda bayan yankan bana.

"Karanta min, idona ya gaji," in ji shi.

"Bai gaji ba da kake bin fadama da inji," in ji Stefka. Ta ɗora gilashinta a hanci, ta fara. Tana cikin karatu muryarta ta yi ƙasa.

An zaɓi hanyar da ta bi ta filin Dubyk. Dalili kuwa, shekara uku ana dubawa ba a sami wani tsiro ko tsuntsu da doka ta kare ba. Amurkawa ma sun amince, don nasu ɓangaren a wurin gonar waken suya ce. A ƙarshen Yuli ƙasashen biyu za su sa hannu a kan inda wayoyin za su tsallaka iyaka, in an sa hannu kuma babu sauran canji. Turaku shida za a kafa, kowanne ya ninka cocin garin tsawo. Za a shimfiɗa hanyar tsakuwa don manyan motoci, a haƙa magudana a tsane ruwan fadamar, a sare rabin kurmin.

"Sake karanta wurin dalilin."

Ta sake.

"Ba a sami komai ba," ya maimaita a hankali.

"Ai kai ka tabbatar ba a samu ba, tsoho. Ka ci wasa. Tashi mu yi maka tafi."

Nestor ya ɗauki waya ya kira Larysa, 'yar ƙanwarsa.

Larysa ita ce shugabar masu ƙirga tsirrai a binciken. A Verbova aka haife ta, a wannan kicin ɗin ta koyi naɗe kullun firohi, abincin mutanen Yukren, da dankali da cuku, kafin ta tafi jami'a a Winnipeg ta dawo tana kiran ciyawa da sunayen da ba sa shiga baki. Ta iso bayan azahar, ta zauna ba ta cire hula ba.

"Akwai furen nan a fadamata," in ji Nestor. "Jibge. Je ki rubuta."

"Kawu, sau nawa na ce maka ka bar yankan nan? Bara a bakin shingen can na roƙe ka, ka ce min ruwan Yuli kake gudu."

"To yanzu na fasa gudu. Rubuta."

"In rubuta me? Kawuna ya ce? Rahoto uku ne suka ce babu, na ƙarshen da sa hannuna. Ni ma na san abin da kuke yi, na yi shiru don ban ga abin da zan nuna ba, kuma ku mutanena ne. Yanzu in je gaban mutanen Ottawa da na Washington in ce tsohon da wayoyi za su bi ta bayan gidansa ya tuna yana da fure? Dariya za su yi. Sai an ga abu a tsaye, da furensa, a ƙirga, a ɗauki hoto."

"Na yanke su duka."

"Na sani. Ai ka iya aiki."

Stefka ce ta yi magana, ba ta ma juyo daga murhu ba.

"Ba duka ba. Akwai wurin da jarumin namu ba ya shiga."

Nestor ya ɓata rai, don wannan labari ne da ba ya so. Shekara goma sha biyu da suka wuce, yana juya tarakta a bayan shinge, ƙafar baya ta hau ƙasar Amurka. Kafin ya gama layi biyu sai ga motar masu tsaron iyaka. Wasu samari biyu da ba su kai ɗansa ba suka tsare shi awa uku a rana suna tambayarsa sunan kakarsa. Tun daga ranar ya rantse injinsa ba zai sake wuce shinge ba. Myron bai taɓa barin sa ya manta ba. Shi Myron yakan aske tasa har gindin turken iyaka, ya zagaye turken ma, ya zo kanti yana cewa, "Ni ba na barin wa Amurka gemu kamar wasu."

Larysa ta ajiye kofinta. "Tsakanin shinge da turke ba ka yanka?"

"Ba na yanka. Sai me?"

"Mu a shinge muke tsayawa." Ta miƙe tsaye. "Dokar aikinmu ce, ba a matsawa kusa da layi sai da takardar izini, takardar kuma wata biyu take ɗauka. Kullum muna cewa Amurkawa sun duba wurin. Na rantse su ma a bakin magudanar gonarsu suke tsayawa suna cewa mu mun duba. Kawu, ɗauko makullin mota."

Suka bi ta fadamar a akori-kurar Nestor, ciyawar da aka yanke tana kwance layi-layi tana bushewa. A shinge suka sauka. Tun kafin su ƙarasa ya hango su. Wani siririn fili ne, faɗinsa bai fi taku ashirin ba, rabi na Kanada rabi na Amurka, ciyawa ta kai ƙugu, a cikinta kuma fararen kawuna suna leƙe, nan ɗaya, can uku, har inda ido ya ƙare. Shekara goma sha biyu yana ganin su ta gefen ido yana kawar da kai kamar mai bin wani bashi a hanya.

Larysa ta dafa shingen tana kallon su. Da ta juyo idonta ya kawo ruwa.

"To, ga su nan," in ji Nestor. "Shi ke nan ko?"

"Da saura."

"Wace saura kuma?"

"Taku ashirin ne kawai. Injiniya zai ce a kafa turke ɗaya can baya, ɗaya a cikin waken suya, wayoyi su wuce ta sama ba a taɓa fure ba. Fadamarka tana nan a matsayin wadda babu komai. Abin da zai ture hanyar shi ne a san duk fadamar haka take. Zan iya nemo kututturen waɗanda ka yanke, amma sai mai filin ya faɗa da bakinsa cewa suna nan ko'ina, kuma shi yake yanke su da gangan kafin mu zo. A rubuce, sannan a gaban kwamiti ranar sha takwas."

"A zauren coci? Gaban kowa?"

"Gaban kowa."

"Su ɗaure ni?"

"Ba na jin za su ɗaure tsoho a kan ciyawa. Amma ba zan yi maka alkawarin komai ba. Ni ma sai na faɗi cewa kai kawuna ne, wani daban ya sa hannu a ƙirgar."

Kwana huɗu bayan haka, da Larysa ta tayar da ofisoshi biyu tsaye har aka ba da izinin gaggawa, aka yi ƙirgar. Daga can ɓangaren wani dogon mutum mai jan wuya ya zo, Arlen Tveit, mai binciken Amurkawa. Jami'in iyaka ɗaya yana jingine da motarsa yana kallon kowa. Aka ja igiya daga turke zuwa turke. Larysa da abokin aikinta suna arewa da igiyar, Arlen yana kudu, babu mai ikon ɗaga ƙafa ya tsallaka.

"Wannan naku ne ko namu?" in ji Arlen, yana nuna wani da ya fito dab da igiyar.

"Gindinsa namu, kansa ya leƙa wajenku," in ji Larysa.

"Haka 'yan Kanada suke. Ki rubuta shi, ni ba na son rigima da baƙi."

Nestor ya kawo kofi a gora, ya miƙa wa Arlen ta saman igiya. Jami'in ya yi gyaran murya. Arlen ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan zan shanye, ba shigo da kaya nake ba." Har jami'in sai da ya yi dariya. Zuwa la'asar an ƙirga ɗari biyu da goma sha ɗaya a arewa, casa'in da huɗu a kudu. Arlen ya cire hula ya sosa kai, ya ce shekara uku yana tsayawa a bakin magudanar can yana ɗauka 'yan Kanada sun gama da nan. Sannan Larysa ta shiga fadamar da rarrafe, tana buɗa ciyawa da yatsu. Duk inda ta sami kututturen mai-geza sai ta soke tuta. Kafin rana ta yi sanyi fadamar ta cika da tutoci ruwan lemo har bayan kicin, ana hango ta daga titi.

Ai kuwa an hango. Washegari da safe Myron ya shigo gidan ba sallama, ya tarar da Nestor yana wasa wuƙaƙen inji.

"Mene ne wancan a fadamarka, mutumina? Biki kake?"

"Ka san ko mene ne."

"An ce za ka yi magana ranar sha takwas."

"An faɗa daidai."

Myron ya zauna a kan bokiti. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, in ransa ya ɓaci kunnuwansa ne ke fara ja. "Nestor, shekara talatin garin nan bakinsa ɗaya. Ko limamin coci ya san ranar yanka bai taɓa tambaya ba. Kai ne za ka tashi ka kwance mana zani a kasuwa? Daga ranar da ka buɗe baki, kowace fadama a nan sai sun zo mata a watan Yuni, su zauna mana a kai har Satumba."

"Ba zan kira sunan kowa ba."

"Sai ka kira? Su jakuna ne?"

"To me kake so in yi? In zauna a kafa min ƙarfe shida a bayan ɗaki, a tsane ruwan, don kada a ce na yi magana?" Nestor ya ajiye dutsen washin. "Saurara, kai ma ka yi tunani. In suka bar tawa, hanya ta biyu ta ina ta bi? Ta taka. Zo mu tashi tare. In duka biyun akwai fure dole su koma su zana ta uku, ta bi tsohon layin dogo inda babu kowa."

"Babu komai a fadamata."

"Myron, ni kake faɗa wa? Ni da muke tsinko su muna kai wa malama a aji uku?"

"Na ce babu komai a fadamata. Ni ban saba tsayawa gaban 'yan birni ina cewa na yi laifi ba. Tsoro dai ɗabi'arka ce, tun ranar da yaran nan suka tsare ka a rana." Ya tashi ya kaɗe wando. "Ba za su taɓa tawa ba. Tsayin hanyar ya yi musu yawa. Ka gani."

Ranar sha takwas zauren cocin ya cika har ƙofa. Mutum uku na kwamiti suna kan tebur a gaba, shugabarsu wata mata mai furfura da ke rubutu ba ta ɗaga kai. Injiniyoyi suka nuna taswira, Larysa ta karanta ƙirgarta, ta faɗi dangantakarta da mai filin, ta kuma faɗi cewa ta daɗe tana zargin abin da ake yi ba ta rubuta ba. Daga nan aka kira Nestor Dubyk.

Ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita. Ya riga ya yanke shawara tun a gida, kuma shi mutum ne da in ya sa inji a layi ba ya waiwaye.

"Furen nan yana fadamata tun daga bayan gida har iyaka," in ji shi. "Tun ina yaro yake nan. Shekara talatin ina yanke shi a ƙarshen Yuni don kada ku gani. Da kuka zo na ba ku kofi, na ce ku duba. Ƙarya na yi muku, da inji na yi ta. Rahotonku ba shi da laifi, abin da na bar muku kuka rubuta."

Shugabar ta ɗago kai karo na farko.

"Malam Dubyk, ka san abin da kake faɗa zai iya jawo maka hukunci?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Na gwammace hukuncin da turakun."

"Akwai wasu a yankin nan da suke yin haka?"

Nestor ya ji idanu a bayan wuyansa kamar kaska. "Ni tarakta ɗaya nake tuƙawa," in ji shi.

Wani ya yi dariya a baya, matarsa ta zungure shi. Shugabar ta dubi zauren ta tambaya ko akwai mai filin da yake son ƙara wani abu. Nestor ya juya ya nemi Myron da ido. Yana layi na uku, hannuwa a harɗe, kunnuwa jawur, yana kallon silin. Aka jira. Babu wanda ya motsa.

A wurin cin abinci bayan taro, teburin su Nestor kujera takwas ne, mutum uku suka zauna: shi, Stefka da Larysa. Matan da Stefka ta yi shekara arba'in tana naɗe firohi da su suka wuce da farantansu kamar ba su gan ta ba. Abin ya yi wa Nestor ciwo fiye da yadda ya zata, ba don kansa ba, don ita. Ita kuwa ta ci abincinta tsaf, ta ƙara, ta ce wa Larysa kullun bana ya yi tauri, da ganin hannun wadda ta kwaɓa.

An ɗage sa hannun da mako uku. Larysa ta nemi a bi hanya ta uku, aka ce mata sai da hujja a kan ta biyu. Ta je fadamar Myron ta yi kwana biyu tana rarrafe. Mutumin ya iya aiki fiye da kawunta: ya yanka a Yuni, ya sake bi a Yuli, ya saki shanu suka tattake sauran, har gindin turken iyaka. Abin da ta samu bai kai ta rantse a kansa ba. Ta roƙe shi ya rubuta ko layi biyu. Ya ba ta kofi, ya ce ta duba son ranta. Nestor ya je sau biyu, ba a buɗe masa ƙofa ba.

A tsakiyar Agusta ƙasashen biyu suka sa hannu. Wayoyin za su tsallaka ta filin Hupalo, inda ba a sami komai ba.

Nestor ya sami doguwar takardar gargaɗi, da yarjejeniyar da ya sa wa hannu cewa injinsa ba zai shiga fadamar ba sai Satumba. Kiwo kuwa an bar masa, an ma ce furen yana son a ɗan ci ciyawar da ke danne shi. Ashe abin da garin ya yi shekara talatin yana gudu ke nan, wata biyu na haƙuri. Ingiricin Satumba bai kai na Yuni daɗi ba, shanun suka yi ta hura hanci, daga baya suka ci.

Da Yuli ya zagayo, fadamar ta yi abin da Nestor bai gani ba tun yana da baƙin gashi. Daga tagar kicin har shinge fari ne, ba ɗai-ɗai ba, gungu-gungu, in iska ta kaɗa duk su sunkuya tare. Larysa da mutanenta sun kwana uku suna ƙirga, suka wuce dubu huɗu. Stefka ta fitar da kujera bayan gida, ta ce a nan za ta riƙa fere dankali. Daga gabas kuwa, in iska ta juyo, ana jin ƙarar manyan motoci suna zuba tsakuwa.

Wata la'asar Nestor yana gyara ƙofar shinge a bakin titi, sai ga akori-kurar Myron. Shekara guda ba su yi magana ba. Motar ta wuce, ta tsaya, ta dawo da baya. Myron bai sauko ba, bai kashe inji ba. Ya ɗora hannu a taga yana kallon fadamar. Ya rame, taɓon magudana ya bushe a ƙafafun motarsa.

Nestor ya ci gaba da murɗa waya, yana jira.

"Nawa sun fi waɗannan yawa," in ji Myron daga ƙarshe.

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Sau uku sun fi. Ta wajen rijiyar babana ko ƙafa ba ka samun wurin sawa."

"Na tuna."

"Yanzu wurin siminti ne." Ya share hanci da bayan hannu. "Turke na huɗu a kan rijiyar ya faɗa."

Tausayi ya cika Nestor, amma ya san in ya nuna, mutumin nan zai ja mota ya tafi, wata shekarar kuma ta wuce. Sai ya ce, "Stefka ta ɗora kofi."

"Ba na sha." Myron ya sa giya, amma bai saki birki ba. Ya sake duban fararen kawunan nan har can bakin iyaka, ya daɗe. Sannan ya nuna Nestor da yatsa.

"Satumba aka ce maka, ko?"

"Satumba."

"To ka ji ni da kyau, tsohon banza. In na ji ƙarar injinka a nan ko da kwana ɗaya kafin lokaci, ni da kaina zan kai ƙararka."

Ya ja motar ya nufi gabas.